Fulogin Keke a Gwangwanin Baba

Mahaifinmu makanikin jirgin sama ne. Da kamfaninsu ya durƙushe, abin da ya dawo da shi gida Kakuri bai wuce hular aiki da wani ƙarfe da ya lalace aka yar ba. Ƙarfen yana da ɗan tsinke a kansa, tsawon gaɓar yatsa. A gwangwanin madara Baba yake ajiye shi, a gefen katifa.

Wannan ƙarfe, in ji shi, shi ne mai gadin ƙanƙara. A kusa da hancin jirgi ake dasa shi, tsinken yana ta karkarwa da saurin da ido ba ya gani. In jirgi ya shiga gajimare mai sanyi ƙanƙara ta kama tsinken, sai ya yi nauyi, karkarwar ta ragu, fitila ta kama a gaban matuƙi. Daga nan ƙarfen ya ɗumama kansa ya narkar da ita, ya koma gadi. Amma Baba kullum sai ya ɗaga yatsa ya ce matuƙin kirki ba ya jiran fitila. Da zarar sanyin waje ya sauko digiri goma, ga gajimare ko ruwa a gaba, sai ya buɗe iska mai zafi ta bi leɓen injin. In ya bari ƙanƙarar ta taru, ɓallewa za ta yi injin ya haɗiye ta, sai dai wani ba su ba.

Mun sha wannan karatu har mun haddace. Da tsufa ya zo, yana ta rufe masa ido, abokansa suka riga shi gidan gaskiya, karatun nan kaɗai ya rage masa. Yayanmu, wanda Baba ke zaune a gidansa, ko leƙa ɗakin Baba ba ya yi. Allah wadaran naka ya lalace!

Ranar sunan ɗan Yaya na taho daga Makera tun da hantsi. Bayan azahar, rana na dukan kanofi, Yaya ya sa aka fito da Baba, aka dasa shi a kujerar roba tsakiyar abokan Yayan, masu sayar da kayan gyaran keke mai ƙafa uku. Wai Injiniya zai ba da lacca. Baba ya sha babbar riga, fuskarsa fal murna, ya buɗe gwangwani ya zaro abin da ke ciki. Ina bakin ƙofa da tiren shinkafa na hango shi. Fulogin keke ne, baƙi ƙirin. Matar Yaya ta raɗa mini cewa tuni Yaya ya haɗa ƙarfen da mataccen janareta ya ba 'yan gwangwan.

Baba ya shafa fulogin, ya ɗaga shi sama, ya fara bayanin tsinke da karkarwa. Suka fashe da dariya. Wani ya saita waya yana ɗauka, wani ya tambaya ko tsakanin Kakuri da Rido a wane gajimare keke ke yin ƙanƙara. Baba ya tsaya yana ba shi amsa tsakani da Allah. Yaya kuwa har da riƙe ciki, yana share hawaye da hula. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani ɗan'uwana a ranar ba. Na dire tiren, na wanke Yaya tas a gaban baƙinsa, na kama hannun Baba na kai shi ɗaki.

Na durƙusa zan faɗa masa abin da aka yi masa. Ya riga ni.

"Fulogi ne, 'yar nan. Tun ranar da aka canza na sani. Idona ne ya mutu, ba hannuna ba."

"Za ki ce to don me na yi shiru, ko?" ya ƙara. "Lokacin da nake da na gasken, kin taɓa ganin wani ya zauna ya saurare ni?"

Ya mayar da fulogin cikin gwangwani a hankali, ya gyara hula. Sannan ya ce in leƙa masa ko baƙin ba su watse ba, don bai kai ga bayanin iska mai zafi ba tukuna.