Kwabban Rumawan Kawu

Jiya mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Zango, sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Direban babbar mota ne. Daga Libiya ya taɓa dawowa da tsofaffin kwabban Rumawa cike da gwangwanin madara, duk sun yi kore, wasu rubutunsu ya shafe.

Yakan jiƙa su a man gyaɗa wata da watanni, sannan ya zauna a zaure yana bin su da tsinke. Har yau ina jin ƙarnin man da tsatsa a yatsunsa. Wata rana na ɗauki ɗaya zan goge da yashi, ya cafke hannuna.

"Ke, a hankali! Fuskar mutum ce a nan."

Ya karkata shi ga hasken rana. "Ga hanci, ga ganye a kansa. Da gemun nan zan gane ko wane ne. Sarki ne da ya juya duniya, yau ni kaɗai ke nemansa."

'Ya'yansa dariya suke yi masa. Da ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba suka haɗa gwangwanin da ƙarfen tsohon gado, aka ɗora a sikeli. Da na tambaya, babbansu ya ce, "Tarkacen Baba? Ai mun rabu da su."

Ban sake taka gidan ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanyaya mini zuciya a kansu, don ni dai na kasa.