Sulusin Gonar Albasa

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Jega, kuma kalangu ne rauninsa. Ko yana tsakiyar fawa, ya ji makaɗi ya taɓa takensa, sai ya ajiye wuƙa. Ni kuwa na tsani abin. Na yi boko, na samu aikin akawu lokacin da takardunmu duk Sakkwato muke kai su, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar a ce da ni ɗan Sarkin Fawa a gaban baƙi.

Akwai wani tsohon makaɗi a Maiyama, aminin mahaifina, da ya mai da zaurensa wurin koyar da kiɗa. Yana koya wa mutane jeme fata, ɗaure tsarkiya, da taken kowane gidan mahauta. Mutane na kiran wurin makarantar kiɗi don ba'a, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu.

Da ciwo ya kwantar da Baba, ya sa aka kira ni, ya ce in zo da alƙalami.

"Rubuta," in ji shi. "Sulusin gonag ga tau ta Aliero, na makarantak kiɗi na. Su sai hwata, su ci tuwo."

Na rubuta, ya dangwala yatsa. Ya ce in kira maƙwabta biyu su shaida, don wasiyya ba ta tsayuwa da bakin magaji shi kaɗai. Na ce masa gobe. Gaskiya ba mantuwa na yi ba. Kunya nake ji gari ya ɗauka cewa ubanmu ya bar masallaci da marayu, ya yi wa makaɗa wasiyya. Kullum ya tambaya sai in ce an kusa, har ya cika bayan kwana tara.

Ranar rabon gado muka taru a zaure. Malamin da ya zo rabo ya fara da tambayar da aka saba, ko mamaci ya bar wasiyya. Yayana ya ce bai sani ba, kuma da gaske bai sani ba. Aka dube ni. Takardar na cikin aljihuna, na sunkuyar da kai na ce ban ji ba. Aka raba gonar kaf, nawa kason ya faɗo gefen rijiya, inda albasa ta fi kyau.

Shekara biyu ina cin wannan albasa ba ta yi mini daɗi ba. Na tambayi wani malami a kaikaice, wai labarin abokina ne. Ya dube ni ya ce a gaya wa abokin nan, wanda ya ji wasiyya ya sauya ta, alhakin na wuyansa. Na fi wata ina jin haushin malamin, kamar shi ya aike ni.

Daga baya na yanke shawarar in ba da kasona duka, ba sai 'yan'uwa sun ji ba. Na hau mota zuwa Maiyama. Na tarar zauren ya zama ma'ajiyar buhunan gero. Masu koyon sun watse, wasu sun koma tasha, wasu noma, don tsohon ya kasa ciyar da su. Shi kansa ido ya tafi, yana zaune a gindin bango. Na gaishe shi, ya gane muryata nan take.

Na fara kame-kame, wai na zo da wani alheri daga kaina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba shi da sauran wanda zai koya wa, in riƙe gonata. Na ce ai Baba ma da zai so haka.

"Na sani," in ji shi. "Ya aiko mani tun yana kwance, yac ce ya ba ka takarda. Nic ce a sa shaidu, yac ce ba komi, cikin ɗiya nai kai ɗai aka ba ajiya a yi kwana lahiya."