Takobin da Ka Ƙi Wasawa, Yaya Tokuji

Ranar Talata 4 ga Maris, da hantsi, yayana Tokuji Moriwaki ya rasu a gidanmu da ke garin Osafune yana da shekara saba'in da tara. Ni Fumie, ƙanwarsa, ni na rufe masa ido.

Yaya, shekara hamsin da takwas ka yi a tsugune kana wasa tsofaffin takubba. Ruwan sanyi ya cinye maka yatsu, gwiwa ta ƙi miƙewa. Tun rasuwar matarka ni ke kawo maka shayi, in ajiye a bakin ƙofa in koma, domin ba a magana a kan tsirarar takobi, numfashi na jawo tsatsa. Idan na yi ƙorafi sai ka ce ni kaɗai ce tsatsar da ka kasa cirewa. Wuƙaƙen matan unguwa kuwa kyauta kake wasa musu, kana yi kana mita.

Bara Likita Anzai, mai tara takubba, ya kawo maka wani mai shekara ɗari shida, wanda ya ga yaƙi har akwai sara a bayansa. So yake takobin ya yi ƙyalli don a nuna shi a Tokyo. Kwana uku kana kallonsa, sannan ka ce masa, "Likita, kowace wasawa ƙarfe take ci. Wannan ya gaji. In na taɓa shi, zanen maƙerin da ke bakinsa zai tafi." Ya ce tsufa ne ya sa ka tsoro, ya bar takobin a wurinmu, wai idan ya dawo zai kai shi wurin wani. Ka kwanta ciwo kana tambayata ko ya zo.

Ya zo, Yaya, kwana tara bayan ka tafi. Ni ban yi karatu ba, ban san abin da zan faɗa wa likita ba. Na yi abin da na ga kana yi. Na ba shi farar takarda ya ciza, na ciji tawa don tare numfashi, na zare takobin daga kubensa na katako, na juya shi wajen taga. Babu mai ikon magana a cikinmu. Ya daɗe yana duban siririn zanen nan mai kama da igiyar ruwa. Da na mayar da takobin kube, ya cire takardar ya ce, "Baba Fumie, wane mai yayanki yake shafa masa?" Na ba shi kwalbarka ta man kanumfari. Ya ce takobin ba zai ƙara ganin dutsen wasawa ba.

Na gaji, Yaya. Har yau nakan dafa shayi kofi biyu. Amma saƙonka ya isa.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutun da gwiwoyinka ba su samu ba. Ina yi wa 'yarka Sumire da jikokinka ta'aziyya. Sumire, duwatsun wasawa na babanki suna nan cikin ruwa, ban bari sun bushe ba.