Gaisuwar Injin Malam Ummaru

In ka je wajen Ƙofar Kwaya neman Bulus, kada ka tsaya a Bulus kawai, don masu sunan sun kai uku. Ka ce Bulus Mai Kunne. Shi ne bakaniken da ba ya taɓa bonet sai ya sa an tada mota, ya karkata kai kamar mai satar jin hirar maƙwabta, sannan ya ce fulogi ne, ko kafireta ce ta sha datti. Daga Zonkwa ya zo Katsina yana saurayi, da kayansa a leda ɗaya, ya koyi gyaran Fijo har hannunsa ya faɗa. Nan ya zauna da matarsa Tabitha, nan aka haifi 'yarsu Favour. Harshensa ma ya juye, har in ya je gida Kirsimeti 'yan'uwa kan yi masa tsiya wai ya dawo musu da "mi" da "tahi".

Fijo ta ci zamaninta, masu ita suka yi ta raguwa. Waɗanda suka rage kuwa, ko tayi ka yi musu sai ku ɓata. Su ne Bulus ya tara a zaure ɗaya na WhatsApp, mutum goma sha bakwai, ya sa masa suna Masoya Fijo.

Al'adar zauren ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Malam Ummaru ne, tsohon hedimasta da ke zaune a Kambarawa, mai Fijo 504 ruwan madara. Kullum da hantsi sai ya tada motar, ya kara waya kusa da inji, ya turo saƙon murya.

"Injiniya, kwana lahiya? Ya iyali, ya Maman Favour, ya gajiyar aiki? To ga tsohuwar taku nan tana gaisuwa."

Sai ƙarar inji ta biyo baya. Bulus ya ajiye kofin shayi, ya rufe ido ya saurara.

"Malam, mun amsa. Amma ka ce mata ta rage shan mai, ba ita kaɗai ke Katsina ba."

"Kai, ɗan Zonkwa! Ta girmi aurenka, ka riƙa yi mata magana da ladabi."

Sauran suka kwaikwaya, aka sa wa abin suna gaisuwar inji. Mutum na GRA, Bulus na gareji, amma Bulus ya gaya masa ciwon motarsa tun kafin ta kwanta.

Da zauren ya fara cika, Malam Ummaru ne ya fara yi masa magana, ranar da ya kawo canjin baƙin mai.

"Bulus, aji ko na mutum biyar ne sai da monita. Kai ka buɗe zauren nan, kai ne admin. Ka kafa doka, ka riƙa duba mai shigowa."

Bulus ya leƙo daga ƙarƙashin mota yana dariya. "Malam, wa zan hana magana? Alhazai da dattawa, ni da ke kwance ƙarƙashin motocinsu? Ai zaure ba fada ba ne. Kowa ya san girman kansa."

"Wanda ka sani ya san girman kansa. Wanda ba ka sani ba fa?"

Bulus ya bar ƙofa a buɗe. Wannan ya jawo abokinsa, wancan ya jawo ƙanensa, kafin shekara huɗu sun haura ɗari uku, galibi samari masu sababbin motoci da ba su taɓa riƙe sitiyarin Fijo ba. Gardama ta yi yawa, tallan takalma ma ya shigo. Bulus ya ce ruwa ne, zai kwanta.

Ana cikin haka Malam Ummaru ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Wata biyu zauren bai ji shi ba. Ranar da ya dawo, 'yarsa Fadila ce ta kama shi har cikin motar, ya murɗa makulli da hannun da ya tsira. Gaisuwar da yake gamawa a numfashi ɗaya yanzu sai ta ci minti biyu, harshe na ja, "Injiniya" kaɗai sai ya yi mata hawa uku. Bulus ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Malam, mun amsa."

Sati uku ana haka. Sai wata Talata da safe Nabil, ɗan wani Alhaji da Bulus ke gyara wa motoci, ya yanko muryar tsohon ya haɗa ta da ƙarar motar da ta ƙi tashi. Ya ɗauko hoton Malam da aka turo lokacin jinya don a yi masa addu'a, baki a karkace, ya mayar da shi sitika. A ƙasa ya rubuta: "Jama'a, wanne ne injin, wanne ne direban?" Fuskokin dariya suka fara zubowa.

Bulus na karin kumallo ya gani. Ya danne saƙon, alamar gogewa ta fito, yatsansa ya tsaya a kanta.

Tabitha ta leƙo ta kafaɗarsa. "Baban Favour, goge mana. Me kake jira?"

"Akwai dattawa a ciki. Bari ɗayansu ya tsawata."

"Kai ne mai zauren."

"Shekara talatin ina garin nan ban taɓa ce wa ɗan wani yi shiru ba. Shi ya sa muke zaune lafiya, ke ma kin sani."

"Shi kuma Malam ɗan wa ne? Ba shi ya zo asibiti da fura ranar da aka yi maka aiki ba?"

Ya kife wayar ya tafi gareji. Dattawa na jiran mai zaure, mai zaure na jiran dattawa. Wani ya rubuta "Allah ya kyauta", ya tsaya nan. Da azahar Bulus ya goge hannu ya duba, sai ga ɗan ƙaramin rubutu a tsakiyar allon: Malam Ummaru ya fita.

A lokacin ya goge saƙon. Washegari ya rufe ƙofar shiga, ya fitar da Nabil, wanda ya bugo yana cewa, "Haba Oga, wasa ne fa." Ya naɗa dattawa biyu su taya shi tsaro. Abin da ya shekara huɗu yana gudu bai ci masa minti biyar ba, kuma ba wanda ya ce masa don me.

Zuwa Kambarawa ne ya gagara. Sau biyu yana kai wa bakin layin da babur ya juyo. Me zai ce? Cewa ya gani kuma ya kife waya? Ya ce bari Lahadi in an taso coci. Lahadi ta zo ya ce bari ran Malam ya huce. Tabitha ta yi magana har ta gaji. Sati bakwai aka yi haka, sai ga sanarwa a zauren nan mai doka da oda, wani dattijo ya turo: Malam Ummaru ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe biyu.

Ya je, ya tsaya gefe har aka idar da salla, ya bi mutane zuwa maƙabarta. Ranar addu'ar bakwai, da jama'a suka watse, Fadila ta aiko a kira shi. Ta same shi a tsakar gida, kusa da motar da aka lulluɓe da tsohon zanen gado, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙo wayar mahaifinta.

"Baba Bulus, bai ce in ba ka ba. Ni na ga naka ne."

Saƙonnin murya ne, arba'in da shida, ba a tura wa kowa ba. Ya danna na farko. "In... Inji... Injiniya, kwana lahiya?" Ya danna na biyu, haka. Na goma, haka.

"Mi ya hana shi turo mani ni kaɗai?"

"Na ce mashi haka. Ya ce kunya ce ta riƙe ka, in ya turo zai ƙara maka nauyi, a ƙyale ka za ka zo da ƙafarka. Kullum in ya gama ɗauka sai ya sa in shimfiɗa tabarma nan gefen taya."

Bulus ya zauna a ƙasa, inda babu tabarmar. Ya ci gaba da dannawa, don kunnensa bai iya barin inji a rabi ba. A na ashirin da ɗaya ya ji wata 'yar ƙara siririya a bayan rurin injin. A na talatin ta fito fili. A na ƙarshe har ta danne muryar tsohon, wanda ya dakata ya ce, a hankali, "Kana jin ta kuwa? Tana ta kiranka."

Fambel ne, bel ɗin fankar inji, ya saki. Ba wani abu ba ne.

Ya tashi ya yaye zanen, ya buɗe bonet. Sifana na nan cikin but, a jakar da shi ya ba Malam ita. Ya sassauta noti, ya ja, ya ɗaure. Fadila ta kawo makulli, ya murɗa, motar ta tashi bugu ɗaya, sumul.

"Ta gyaru, Baba?"

Bai juyo ba. Kansa na karkace wajen injin, idonsa a rufe.

"Malam," in ji shi, "mun amsa."