Ya Koma Gida?

Jiya 'yata tana kallon fim a waya, sai ta ɗago ta ce, "Baba, ya koma gida?" Sai da na tashi na fita. Tambayar marigayiya Goggo ce, yayar mahaifina.

Rikici ne ya koro ta daga ƙauyensu zuwa sansanin gudun hijira na Malkohi, muka ɗauko ta zuwa gidanmu a unguwar Shagari da ke Yola. Fim ya zama abokin hirarta, na Indiya, na Caina, na yaƙi, alhali ba ta jin yaren kowa. Tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, mayafinta na ƙamshin man shanu, in an gama sai ta ce, "To, ya koma gida?"

Wata rana bayan la'asar, lokacin idonta ya yi rauni, muka kalli wani na yaƙi. Sojan ya mutu yana hango rufin gidansu.

Na ce, "Ya koma, Goggo."

Ta daina ɓarar gyaɗar. "Ƙarya kake, ɗana. Na ji kukan uwarsa. Amma Allah ya yi maka albarka."

A Jimeta muka binne ta, ba ta sake ganin ƙauyen ba.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Allah ya sa kin koma gida.