Wuƙaƙen Kakana a Gindin Tulu

Maƙerarmu a zauren gidanmu take, a Wunti. Da an idar da sallar magariba, Baba ya ajiye guduma, sai Dada, mahaifiyarsa, ta jawo tabarma kusa da ragowar garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. A wutar nan muke gasa gyaɗa, a bakinta kuma muke shan tatsuniya.

Kayan ajiyar wurin duk tsintuwa ne. Ƙusoshin ƙota suna cikin gwangwanayen tumatir, ƙahonin shanu cikin tsohon buhu, sababbin wuƙaƙe kuma a soke a jikin tsohuwar taya da aka tsattsaga aka kafe a bango. A kusurwa akwai gindin fasasshen tulu cike da yashi da aka jiƙa da baƙin mai. A ciki aka soke wuƙaƙe biyar, na ƙarshe da kakana ya ƙera kafin ya rasu. An sha tayawa, Dada ta hana. Duk Juma'a sai ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar.

"Ku matso, ga wata ta iso, mai barci ya sha labari gobe," haka take farawa.

Wai wani maƙeri ne wuƙaƙensa suka kai masa ƙara. Suka ce ya binne su a yashi kamar gawa, alhali wuƙaƙen fatake suna kwance a akwati. Ya gaji da mita, ya zuba su a akwatin ƙarfe ya kulle. Ranar farko suka yi ta murna. Da damina ta sauka akwatin ya yi gumi, tsatsa ta bi su, ga matsi, kowace tana cin bakin 'yar'uwarta. Da ya buɗe, ko kuɓewa babu mai iya yankawa.

"To wa ya fi laifi, shi ko su?" in ji Dada. Mu duka mu ce su. Ita ba ta taɓa ba mu amsa ba, sai ta tura mu mu kwanta.

Bayan rasuwar Baba, yayana Sale ya gaji maƙerar. Ƙwararre ne, ba zan tauye masa haƙƙi ba, amma kunyar gwangwani da tulu yake ji gaban masu saye. Wata rana na zo daga gidan mijina a Inkil, na tarar ya zare wuƙaƙen nan biyar, ya wanke su fes da ruwa da sabulu, yana naɗe su a leda ɗaya. Lokacin Dada ta makance, ba ta ƙara fitowa zaure.

Na ce, "Yaya, ko mai ba za ka shafa musu ba?"

"Hansatu, tarihi ne, ba a barin tarihi cikin datti. Ke kin taɓa riƙe guduma?"

Na tsaya ina kallo. Ya saka su a akwatin ƙarfe, ya zubar da yashin a kwata.

Damina biyu suka yi a ciki. Da ciwon Dada ya tsananta, ta ce a kawo mata wuƙar Malam ɗaya ta riƙe, haka take kiran mijinta. Muka buɗe akwatin. Sun manne da juna, jajur, bakinsu yana marmashewa a hannu. Yaya Sale ya ɗauko sabuwa cikin nasa, ya sa mata a tafi. Ta shafa ƙotar, ta bi bayan wuƙar da babban yatsa har tsini.

"Sale, hannunka ya yi kyau," ta ce. "Mayar da abarka."

Ba ta sake tambaya ba har ta rasu bayan kwana tara.

Na daɗe ina jin haushin Yaya Sale, har yanzu ma bai gama fita ba. Amma shi ko a da can barci yake yi kafin a kai tsakiyar tatsuniya. Ni ce na haddace ta daga farko har ƙarshe, kuma ni ce na tsaya a zauren nan da mayafina a kafaɗa ina kallonsa yana ƙulle bakin ledar.