Ƙaramin Kwanon Baba

Babana tela ne, shekara talatin yana auna ƙugun mutane. Tun da aka yi masa tiyata a maƙoshi, nasa ƙugun yake aunawa duk mako. Likita ya ce abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau shida a rana. Haka Mama ta riƙa ba shi a ƙaramin kwano, har ya fara murmurewa.

Sai ga Gwaggo, yayarsa, uwar iyayi, ta zo dubiya. Ta kalli kwanon ta taɓe baki.

"Abincin kyanwa kike ba shi? Da yunwa za ki kashe min ƙane?"

Ta buɗe kularta, shinkafa da soyayyen nama, ta tsare shi sai ya ci. Baba bai taɓa yi mata musu ba. Loma uku ya shaƙe, ya yi ta amai. Kwana biyu ko ruwa da ƙyar yake wucewa.

Da ta dawo da wata kular, Baba ya nuna mata tef ɗin awonsa.

"Yaya, wata guda matata ta yi tana tara min inci ɗaya, ke da loma uku kika kwashe shi. Gobe ki zo hannu rabbana."